Mayar da ofisoshin saman bene sito: wane izini ake nema?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Bene ne a Kano, ƙasa shaguna, sama ofisoshi. Ana so a mayar da saman sito. Sai an yi sabon zane?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sai an yi, kuma nauyi ne abin tsoro. Dekin ofis galibi ana lissafa shi kan kilo 250 a kowace murabba'in mita, wato buhu 5 na shinkafa mai kilo 50. A sito kuwa tulawa ake yi har rufi. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya fara auna kaurin dekin, girman rodi, ginshiƙai da tushe. In ba za su ɗauka ba, a ƙara ginshiƙai ko a bar kayan a ƙasa.

Mai Zane: Zane biyu za a kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano: ginin yadda yake yanzu, da yadda zai koma, da hatimin mai zane mai rajistar ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya. A nuna matakala, ƙofar fita idan gobara ta tashi, da wurin sauke kaya.

Lauya: Ranka ya daɗe, duba takardar mallakar filin tukuna. Idan abin da aka rubuta a cikinta bai haɗa da sito ba, sai an nemi canji a ma'aikatar filaye. Kada a fasa bango kafin amincewa ta fito a rubuce, hukuma na iya rufe ginin.