Allurar rage ƙiba tana maganin zafin jiki da gumin dare bayan ɗaukewar al'ada?

Uwar Biyu, Agege:
Assalamu alaikum. Shekarata 51, al'ada ta ɗauke min wata 14 ke nan. Nauyina kilo 92, tsayina mita 1.62, ina shan maganin hawan jini. Zafi yana taso min daga ƙirji zuwa fuska, da daddare gumi sharkaf, barci ba ya yiwuwa. Ba na son maganin homon. Ana ta maganar alluran rage ƙiba, Ozempic da Mounjaro, a nan Legas. Za su kashe min wannan zafin ne, ko ƙibar kawai suke ragewa?

Mai Kantin Magani, Obalende:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙibar suke ragewa. Babu hukumar da ta amince da su a matsayin maganin zafin ɗaukewar al'ada. Abin da aka lura da shi shi ne, matan da suka rage nauyi sosai sukan samu sauƙin zafin da gumin, hawan jini da ciwon gwiwa ma su lafa. Amma wannan sauƙi ne da ke biyo baya a hankali, kuma ba kowa ba.

Lissafin BMI ɗinki, wato awon nauyi gwargwadon tsayi, 35 ne. Ƙa'idar rubuta irin wannan allura ita ce 30 zuwa sama, ko 27 in akwai hawan jini ko suga, don haka kin cancanta. Ozempic na masu ciwon suga ne. Wanda aka yi domin ƙiba Wegovy ne, sinadarin ɗaya, semaglutide. Sau ɗaya a mako ake yi a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya. Ana farawa da 0.25 mg na mako 4, sai 0.5, sai 1, sai 1.7, har 2.4, kowane mataki mako 4. Mounjaro kuma 2.5 mg ake farawa, a riƙa ƙara 2.5, iyakarsa 15. Wadda ta yi gaggawar tsallake mataki ita ce ke kwana amai, domin maganin yana jinkirta saukar abinci daga ciki. A babban gwajin Wegovy an rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi a mako 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku a shekara guda. Ki duba aljihunki kafin ki fara, ba maganin wata biyu ba ne.

Ungozoma, Idi-Araba:
Yaya, in zafin ne ya fi damunki, akwai magungunansa da ba homon a ciki, likita ke rubutawa. Venlafaxine 37.5 zuwa 75 mg a rana, ko paroxetine ƙaramin awo, ko gabapentin 300 mg da daddare, wanda ya fi dacewa da mai gumin dare saboda yana sa barci. Tunda kina da hawan jini, venlafaxine yana buƙatar a riƙa auna ki, yakan ɗaga shi. Mai shan tamoxifen, maganin sankarar mama, ba a ba ta paroxetine. Akwai sabo, fezolinetant, da Amurka ta amince da shi a 2023, sai dai dole a riƙa gwajin hanta.

Kafin allura a yi miki gwajin suga na HbA1c, da na ƙoda, da na tayirod, gaɓar da ke gaban maƙogwaro, wato TSH, domin matsalar tayirod tana kwaikwayon ɗaukewar al'ada. Ba a yin allurar ga wadda ita ko danginta suka yi sankarar tayirod nau'in medullary. Wadda ta taɓa kumburin pancreas, gaɓar da ke samar da insulin, ko tsakuwar matsarmama ta faɗa wa likita. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, a tsayar da allura a tafi asibiti a ranar. Asibitocin koyarwa na Legas, LUTH da LASUTH, duk suna da likitocin wannan fanni. Kuma in kika ga jini bayan wata 12 da ɗaukewa, kada ki ce al'ada ce ta dawo, sai an duba mahaifa.

Malamar Abinci, Mile 12:
Abin da ake mantawa shi ne tsoka da ƙashi. A shekarun nan ƙashi yana raguwa da kansa, ita kuma allurar tana kashe sha'awar abinci, sai mace ta koma shayi da burodi, nauyi ya sauka amma tsoka ce ta tafi. Ki nemi furotin kamar giram 80 zuwa 90 a rana: ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake kusan 15, sai kifi da kindirmo marar suga. Motsa jiki mai ɗaga nauyi sau biyu a mako, ko da tashi-zauna ne daga kujera da galan ɗin ruwa. Ƙosai, masa mai maiƙo da miyar manja sharkaf su ke tayar da zuciya. Lokacin azumi a sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, amai ga ƙarancin ruwa yana taɓa ƙoda.

Mai Kantin Magani, Obalende:
Na manta ajiya, Hajiya. Firiji, digiri 2 zuwa 8, nesa da ƙanƙara. Wadda ta daskare ta lalace. Da yadda wutarmu take, ki tanadi kular ajiyar sanyi da ƙanƙara, ki naɗe alƙalamin allurar a tawul kada ya taɓa ta. Kada ki saya a Instagram ko hannun mai talla a WhatsApp. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, kuma a Turai an samu waɗanda insulin aka zuba a ciki, suga ya faɗi mutane suka suma. Kantin magani mai rajista, da takardar likita, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa.

Uwar Biyu, Agege:
Na gode, Allah ya saka. Zan fara da gwaje-gwajen, in tambayi likita batun gabapentin ɗin.