Synth pop da Hausa: fiyano ne, maƙera ce, ko me za mu kira shi?

Jama'a, a taimaka mini. An ba ni aikin rubuta 'yar gabatarwa ta minti biyu don wani shiri na kiɗe-kiɗen duniya, kuma jimla ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya. So ake in gaya wa mai sauraro cewa faifan da za a sa shi ne na farko da mawaƙin ya yi da sunansa, wato debut solo album a Turance, kuma irin kiɗan nan ne da Turawa ke kira synth pop, wanda suke siffantawa da duhu da melancholy. Ba na so in zuba Turancin haka nan in wuce.

Faifan dai Metamatic ne, na John Foxx, mutumin Lancashire a arewacin Ingila. Shi ne mawaƙin ƙungiyar Ultravox har faifai uku, sai ya bar su a 1979, Midge Ure ya maye gurbinsa. A watan Janairun 1980 nasa ya fito, ya kai na 18 a jerin cinikin faifai na Birtaniya. A wani ɗan ƙaramin situdiyo a Landan mai suna Pathway aka ɗauke shi, a kan rikoda mai layi takwas kacal. Babu mai ganga, sai wata 'yar akwati, Roland CR-78, mai buga kari. Saura kuwa kusan duk ARP Odyssey ne da 'yan uwansa, na'urorin haɗa sauti da ake kira synthesizer, ko synth a taƙaice. Baitocin kuma motoci ne, da ƙarƙashin gada, da birnin da kowa ke wucewa ba mai yi wa wani sallama.

Sassa uku ba su wahalar da ni ba. Album faifai ne, tun zamanin garmaho muke da kalmar, kuma ban ga dalilin barin ta don "kundi" ba, wanda ni littafi yake kawo mini. Debut kuwa "na fari", kamar ɗan fari. Solo ɗin ma muna da shi a gida: yaron makaɗi ya daɗe yana amshi, ran nan ya kafa nasa, sai a ce ya tsaya da ƙafarsa. Na fi son wannan a kan "shi kaɗai", domin Foxx ba shi kaɗai ba ne a situdiyon, akwai injiniya Gareth Jones da wasu da suka kama masa. Sunan da ke jikin faifan ne kawai nasa.

Inda na maƙale shi ne synth.

Amsar da ta fi yawa zuwa yanzu: "Malam, ai fiyano ne, me ya kawo dogon Turanci?" Da gaskiyarku. Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyo a Kano ya san Yamaha ɗin nan mai fararen haƙora da baƙaƙe fiyano ake ce masa, kuma "kiɗan fiyano" magana ce da ta zauna daram. Jiya ma na kai faifan wa wani ƙanena da ke buga fiyano, na saka masa iyafis a kunne ɗaya. Ya yi shiru kamar minti guda, yatsunsa suna motsi a kan cinya suna neman karin, sannan ya cire ya ce, "Yaya, wannan fiyanon ba shi da lafiya." Na yi dariya har da hawaye, amma a nan matsalar take. Idan na ce kiɗan fiyano a rediyo, mai sauraro zai gyara zama yana jiran nanaye, waƙar amarya da ango, kiɗan da ake liƙi a kansa. Sai kuma ya ji wani Bature yana magana kamar daga cikin rijiya. Na yaudare shi ke nan.

Akwai kuma bambancin aiki. Fiyanon da muka sani an riga an cika masa ciki da muryoyi: ka danna nan ya yi sarewa, ka danna can ya yi ganga. Kwaikwayo yake yi. Synthesizer irin na Foxx ba ya zuwa da muryar kowa. Wutar lantarki ce ke kaɗawa a cikinsa ta ba da wani tsagwaron ƙara, kamar kukan taransifoma. Kai ne za ka yi ta murɗe-murɗe da ture-ture, ka tace kaifinsa, ka tsara yadda zai taso da yadda zai mutu, har ya zama sautin da babu wata fata ko tsirkiya a duniya da ke yin sa. ARP Odyssey ma ba ya ajiye abin da ka haɗa. In ka taɓa maɓallan, ya tafi. Tun da Robert Moog ya fito da nasa a Amurka a 1964 haka abin ya faro.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku na dare:

Wani malaminmu na Hausa ya kawo "maƙerar sauti", kuma wallahi ta burge ni. Maƙera wurin da ake narka ƙarfe a fitar da abin da babu shi a da, daidai da aikin na'urar. Har na rubuta "kiɗan maƙera" a takardata, na ja masa layi biyu. Sai wata Hajiya ta aiko da gyara cikin ladabi: "Ɗana, kiɗan maƙera ai yana da masu shi, dundufa ke nan." Allah ya saka, Hajiya. Da na tafka abin kunya a iska. Mahauta da kalangunsu, maƙera da dundufarsu, ba za mu ƙwace musu suna mu ba Bature ba.

Amma gyaran nata ya tuna mini abin da ya kamata in fara da shi. Mu da kayan kiɗa muke raɗa wa kiɗa suna: kiɗan kotso, kiɗan goge, kiɗan kuntigi, kiɗan ƙwarya. Ashe Baturen ma abin da ya yi ke nan, ya gutsure sunan na'urar ya liƙa wa pop. Kenan pop ɗin ba ma buƙatarsa, "kiɗan" ya ɗauke nauyinsa. Sunan kayan kawai muke nema.

"Kiɗan lantarki" da mutane da yawa suka zaɓa yana da kyau, sai dai rumfa ce babba. Wani ɗan'uwa daga Yamai ya tuna mana da Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗansa a 1978 da wani ogan na lantarki ƙirar Italiya, ya daɗe ana jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar. Shi ma a ƙarƙashin rumfar yake, kiɗan gidajen rawa na Turai ma haka. A bar kalmar ta zama ta dangin duka. "Kiɗan wuta" kuwa kada ma a fara, za a ɗauka ya yi zafi ne.

Saura aro. Sintasaiza ta zauna a baki kamar janareta, amma ta yi tsawo. Wani ya ce "sinti", nan take yara suka mayar da ita siminti. Ko da yake faifan da rabinsa maganar kankare ce bai kamata ya ji haushi ba. Ni "sinta" ta fi kwanta mini: gajera, mace kamar gita, kuma wanda ya san Turancin zai gane ta nan take.

Yanzu melancholy, inda aka fi yin gardama. "Baƙin ciki" na cire shi tun farko. Ya yi nauyi, kuma a bakinmu yana zamewa zuwa hassada, ka ce ɗan baƙin ciki ka ji abin da za a fahimta. Jimami da alhini suna son gawa, ko wani rashi da za a nuna da yatsa. Zulumi na abin da ke tafe ne. Bege ya riga ya zama na masu yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba zan kai shi nan ba. Melancholy kuwa ba wanda ya mutu, ba abin da ya ɓace. Irin abin nan ne da ke sauko wa mutum da la'asar sakaliya a garin da ba nasa ba, yana tsaye a bakin titi, motoci suna wucewa, ya rasa me ke damunsa. Kewa ce ta fi kusa. Wasu sun ce dole a yi kewar wani ko wani abu. Ban yarda ba. Muna cewa "a zo a ɗebe mini kewa" ba tare da an ambaci kowa ba.

Duhun kuma na jefar da shi. Duhu a wurinmu na jahilci ne, duhun kai. Wanda ya ce in sa "mai sanyi" shi ma a yi haƙuri, waƙa mai sanyi ai yabo ne, mai daɗi ce da ake lumshe ido. Abin da faifan nan ke yi shi ne kashe jiki. Na san haka domin ina sauraronsa a tsakar gida Inna ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Kai, kashe abin nan, duk ya kashe mini jiki." Ban ƙara neman wata kalma ba.

Ga jimlar da zan karanta ranar Asabar in Allah ya kai mu: "Wannan shi ne faifansa na fari bayan ya tsaya da ƙafarsa, kiɗan sinta ne na kewa, mai kashe jiki." Daga nan zan ƙara da cewa sinta wata maƙerar sauti ce mai kama da fiyano, don Malam ya ji kalmarsa ba ta faɗi ƙasa ba.

Ƙanen nawa dai har yanzu bai sauko ba. Ya turo mini saƙo da asuba cewa ko me na kira shi a rediyo, in na shigo situdiyonsu na ce sinta, shayi za a miƙo mini a ce Sinta ba ta zo aiki ba yau.