Tsohuwar jitar Gibson ES-175D da aka yi wa gyare-gyare: in maido da ita yadda take, ko in sayar a haka?

Mai Tsirkiya Shida:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san cinikin tsofaffin jitoci. Ina da jitar lantarki mai kogon ciki, ƙirar Gibson ES-175D, kuma na yanke shawarar sayar da ita domin yanzu na fi kaɗa mai siririn jiki. Lambar da aka buga a cikin kogonta ta fara da harafin V, abin da ke nuna shekarar 1956.

Sai dai hannaye da yawa sun taɓa ta kafin ta iso gare ni. Kan jitar ya taɓa karyewa aka liƙe shi, aka fesa fenti a bayan wuya domin rufe tabon. An cire na'urorin ɗaukar sautinta na asali, wato fikof ɗin P-90 guda biyu, aka faɗaɗa ramukansu, aka sanya masu naɗin waya biyu da ake kira hambaka. An kuma musanya makullan ɗaure tsirkiya na Kluson da na Grover, kodayake tsofaffin suna wurina a cikin leda. Abin da ni na sa aka yi shi ne sabunta ƙarafan wuya, waɗanda ake danna tsirkiya a kansu, saboda na dā sun cinye. Sautinta yana da daɗi ƙwarai, kuma wuyan bai taɓa motsi ba tun da na mallake ta.

Shin ya dace in kashe kuɗi a maido da ita kamar yadda ta fito daga masana'anta kafin in tallata ta? Kuma wane irin bayani ya kamata in rubuta a tallar, ganin cewa ina gudun kada jerin gyare-gyaren ya kori masu saye?

Mai Gyaran Jita:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka maido da ita, domin abin da zai ɗaga darajarta a idon masu tara tsofaffin jitoci ya riga ya tafi. Katakon da aka yanke daga fuskarta ba zai dawo ba. Ko ka sayi P-90 na wancan zamanin da tsada, ka sa aka cike ramukan, dole a yi fenti a kan cikon, kuma duk wanda ya haska ta da fitilar ultrabayolet a ɗaki mai duhu zai ga sabon fentin ya bambanta da tsohon na nitiroselulos. Ka ga ka ƙara mata gyara na biyar ke nan, alhali kuɗin da ka zuba ba lalle ya dawo ba.

Masu sayen tsofaffin jitoci iri biyu ne. Akwai mai neman abin ajiya, wanda ko ƙusa ɗaya ba ya son a canja, kuma wannan ba naka ba ne tun ranar da kan ya karye. Akwai kuma makaɗin da ya daɗe yana kwaɗayin ES-175 ta shekarun 1950 amma ba shi da ƙarfin sayen wadda ba a taɓa ba, kuma shi ne za ka yi wa magana. A wurinsa sababbin ƙarafan wuya riba ce. Hambakan ma ba zai dame shi sosai ba, tunda Gibson da kanta ta koma sanya shi a wannan ƙira daga 1957, kuma makaɗan jaz da yawa sun fi son sa saboda yana kashe ƙugin lantarki.

Game da karayar kai, sananniyar aba ce a jitocin da ke da wuyan katakon mahogani da kai mai karkata baya, domin a daidai lanƙwasar jijiyoyin katakon gajeru ne, ga kuma ramin ƙarfen saita wuya ya rage masa kauri. Idan an liƙe shi da kyau yana iya zama tsawon rayuwar makaɗi bai sake buɗewa ba. Duk da haka dillalai kan ce irin wannan gyara shi kaɗai yana iya rage farashi har kusan rabi, don haka ka shirya zuciyarka.

Abin da na fi so ka duba tun kafin komai shi ne cikinta. Ka zura ƙaramin madubi da tocila ta ramin sautin, ka kalli sandunan katako biyu da suka bi tsawon fuskar suna tallafe da ita daga ciki. Wanda ya faɗaɗa ramukan fikof yana iya yiwuwa ya ci gefensu, kuma idan ɗayansu ta tsage ko ta saki, fuskar takan fara lotsawa a ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Alamar ita ce ka ga an murɗa jakin ya yi sama sosai kafin tsirkiyoyi su daina gogar wuya. Wannan kaɗai ne gyaran da zan ce ka biya a yi idan an same shi, domin lafiyar jitar ce, ba adonta ba.

Dattijon Jaz:

Na yarda da maigidan da ya riga ni, amma ina da ƙari a kan batun talla, domin a nan ne na ga tsoronka yake. Ka rubuta komai, kuma ka sa karayar kai a layin farko. Mai saye da ya karanta cikakken bayani, ya ga hoton tabon a hasken rana daga kusa, ya ga hoton ramukan fikof bayan an ɗaga su, sannan ya taya, ba zai dawo maka da ƙorafi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda kuwa ya gano abu ɗaya da ka ɓoye, sai ya daina gaskata sauran bayananka gaba ɗaya, har da shekarar da ka ce an ƙera ta, kuma yana da hujjar maido maka da kayanka.

Kafin ka sa farashi, ka kwance hambakan ka juya bayansu. Idan canjin tsoho ne, ba abin mamaki ba ne a tarar da na Gibson na farko, ƙirar Seth Lover, masu ɗauke da ƙaramar baƙar takarda da aka rubuta "Patent Applied For". Waɗannan suna da tsada ƙwarai su kaɗai, amma ana buga takardar jabu, saboda haka sai gwani ya tabbatar. Ka kuma karanta lambobin da ke jikin maɓallan ƙara sauti ta cikin kogon: 134 na nufin kamfanin Centralab, 137 kuma CTS, lambobin da ke biye su ne shekara da mako. Idan sun dace da 1956, ka faɗa a tallar, domin hakan na nufin wani ɓangare na wayoyinta na asali ne.

Inda na ɗan saɓa da shi shi ne makullan. Akwai zobban da ake sayarwa domin cike faɗin ramukan Grover, kuma maido da Kluson da su aiki ne mai sauƙi da ke dawo wa kan jita da kamanninsa da rashin nauyinsa. In ba ka so, aƙalla ka haɗa su a cikin cinikin. Wajen farashi kuma, ka duba abin da aka riga aka sayar a shafin cinikin kayan kiɗa irin Reverb, masu gyararren kai irin taka, ka ƙyale abin da masu talla ke nema.

Mai Fataucin Kayan Kiɗa:

Abu biyu ne ba a ambata ba. Allon wuyan jitocin Gibson na wancan lokaci yawanci katakon rozwud ne na Brazil, wanda yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sanya a jerinta mafi tsauri tun 1992. Sassaucin da aka yi wa kayan kiɗa a 2019 ya shafi sauran nau'o'in rozwud ne, bai shafi wannan ba. Idan mai sayen yana wata ƙasa, ana buƙatar takardar izini da ke nuna an ƙera ta kafin 1992, in ba haka ba jami'an kwastam suna da ikon riƙe ta. Sayarwa a cikin ƙasar da kake ta fi sauƙi.

Na biyu, jakin ES-175 ba a liƙe yake ba, nauyin tsirkiyoyi ne ke danne shi. Idan za ka aika ta, ka yi wa wurinsa alama da tef marar ƙarfin gam, ka sassauta tsirkiyoyin, ka cire shi ka naɗe daban, sannan ka cusa takarda a sama da ƙasan kan jitar har ya daina motsi a cikin akwati.

Mai Tsirkiya Shida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba da madubi, sandunan biyu lafiyarsu ƙalau, sai ɗan shafta da aka yi wa ɗaya a gefen fikof na wuya. Hambakan ba su da wata takarda, da alama na baya-bayan nan ne, amma maɓalli uku suna ɗauke da 134. Shin wannan shaftar ma sai na ambace ta?

Mai Gyaran Jita:

Ƙwarai kuwa, ka ambace ta, ka haɗa da hotonta ta cikin madubin. Ka kuma ɗauki hoton jitar daga gefe, yadda za a ga tudun fuskarta da tsayin jakin, domin shi ne abin da mai saye da ya san ES-175 zai fara tambayarka da zarar ya ji an taɓa sandar.