Tantanin mabiyiya da fatar mamaci a kan ƙuna: wanda ya gani da idonsa ya ba mu labari

Mahaifiyar yaro mai ƙuna: Assalamu alaikum. Yau kwana tara ɗana ɗan shekara huɗu yana kwance a asibiti, tukunyar kunu ce ta kife masa a ƙirji da hannu. Abin da ya fi ci mini rai wankin ciwo. Da ya jiyo ƙarar keken nas sai ya ƙanƙame ni yana ihu, don audugar mannewa take yi, sai an jiƙa a ɓamɓare. Jiya likita ya ce akwai tantanin da ake cirowa daga mabiyiyar mai haihuwa a shimfiɗa a kan ƙunar. Babansa ya ce sai mun bincika. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana.

Wata uwa a Ingila: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ni bayarwa na yi, a haihuwata ta uku da aka yi mini tiyata. Daga masu tiyata suke karɓa, saboda tantanin bai bi ta hanyar haihuwa ya kwashi ƙwayoyin cuta ba. Sai da na sa hannu, aka ɗebi jinina aka duba ƙanjamau da ciwon hanta. Da na gaya wa Hajiyarmu a waya shiru ta yi, can ta ce, "To a ina za a binne?" Kun san mu, mabiyiya wankewa ake yi a binne a gida. Na ce mata ko ban bayar ba a nan ƙonawa za su yi. Ta ce to gara ta yi wa wani amfani.

Wani yaya daga Kano: Namu fatar mamaci ce, a Mumbai. Tukunyar gas ta fashe da ƙanena, bayansa da cinyoyinsa duk suka saɓule. A Indiya suna da wurin ajiyar fata kamar yadda ake ajiye jini. Cikin awa 6 da rasuwar mutum, idan iyalinsa sun yarda, ake yanko siririn saman fatar baya da cinya a adana a gilisarin, wani ruwa mai kauri da ke hana ta lalacewa.

Ga abin da nake so ki riƙe, 'yar'uwa, don ni ban fahimta ba sai da na tayar da hankalin mutane. Wajen mako uku fatar nan ta fara ɗagowa daga gefe tana yin duhu. Na ɗauka aikin ya ɓaci, kuɗinmu sun tafi. Likitan ya zaunar da ni ya ce dama ba zama ta zo yi ba, jiki ba ya riƙe fatar wani. Aikinta ta rufe naman, ta hana ruwan jiki tsiyayewa, ta tare ƙwayoyin cuta, kafin ƙanen nawa ya yi ƙarfin da za a yanko tasa fatar. Haka kuwa aka yi: suka ɗebo daga ƙaurinsa, suka huhhuda ta kamar raga don ta miƙe, suka dasa. A makonnin nan uku ne ya fara barci ya fara cin abinci. Ranar da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, ban runtsa ba, ina ta tunanin waɗanda suka tsira da rai da abin da za a rufe jikinsu da shi.

Wani dattijo mai ciwon suga: Ni gyambon tafin ƙafa aka sa wa tantanin. Karo na farko bai yi ba, kuma laifina ne: suga na sama, ina taka ƙafar zuwa kasuwa. Sai da aka kankare mataccen naman, na zauna, suga ya sauka, sannan bakin ciwon ya fara haɗewa. 'Yata, ki tambaye su zurfin ƙunar tukuna. Mai zurfi sosai sai dashe.

Wani yaya daga Kano: Na manta batun addini, na san shi ne damuwar baban yaron. Kafin mu sa hannu na kira malaminmu, ya ce majalisar fiƙihu da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta amfani da sashen jikin mamaci don ceton rai idan shi ko magadansa sun yarda, ban da sayarwa. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta hana cinikin sassan jiki. Balle tantani, da ba wanda aka yanka dominsa.

Mahaifiyar yaro mai ƙuna: Allah ya saka muku da alheri. Baba, na tambaya, sun ce ta ƙirjin ba ta yi zurfi ba, ta hannun ce suke kallo. Babansa ya sa hannu da safe. Na ga tantanin kafin su sa, shara-shara kamar ɓawon albasa, har kana hango jan naman ta cikinsa. Sun ce audugar sama kawai za a riƙa canzawa. Ɗazu nas ta shigo da kekenta, ya ɗaga kai ya kalle ta, ya ci gaba da shan shayinsa.