Taƙaitawar tattaunawarmu kan son sani

Ga abin da na tattaro daga bakin malamai da iyayen Jos:

1. Mafi yawa sun yarda cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya hango giɓi a cikin iliminsa, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam George Loewenstein ya bayyana a 1994, don haka suka ba malamai shawarar su fara darasi da tambaya kafin amsa.

2. An ambaci binciken Jami'ar Kalifoniya ta Davis na 2014, wanda ya nuna abin da aka koya cikin ɗoki ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

3. An rabu kan yaro mai yawan tambaya. Wasu sun kira shi rashin kunya a gaban manya, wasu kuma suka ce tsawa ce ke kashe masa sha'awar karatu. Ni dai na fi karkata ga na biyun.