Me ke jan matasa zuwa labaran gabar da ke rikiɗewa soyayya?

Malamar Adabi, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina koyar da adabi a wata makarantar sakandare, kuma na lura ɗalibaina masu karanta Turanci a Wattpad, wani dandalin karanta labarai a intanet, sun raja'a ga labaran duniyar ƙirƙira, masu sihiri da yaƙin sarauta, inda mutum biyu ke farawa da gaba su ƙare da soyayya. A cikin waɗanda suka yi fice a Amurka da Ingila akwai waɗanda jarumansu samari biyu ne. Ina so in fahimci abin da ke jan masu karatu gare su, domin ba na son yi wa yara magana a kan abin da ban fahimta ba.

Marubuci, Ƙaura Namoda:
Wa alaikumus salam, Malama. Salon kansa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin tun shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suke cike da shi. Amaryar auren dole takan dire wa ango kwanon tuwo ba tare da ta ɗaga kai ta dube shi ba, sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a ganta zaune a bakin gado tana jiƙa tsumma. Daɗin yana cikin jinkirin. Mai karatu ya riga jaruman gane abin da ke zukatansu, don haka kowace harara da kowace baƙar magana sai ta zama da ma'ana biyu. Duniyar sihiri tana ƙara wa abin nauyi, domin a can gabar ba ta tsaya ga fushi ba, takan kai ga takobi a wuya, kuma lokacin da hannu ya kasa sara shi ne zuciyar labarin.

Ɗalibin Jami'a, Birnin Kebbi:
Malama, game da samari biyun, a ganina ɓoye son ne ya ninku. Matashin da ya tashi yana jin abin da ba zai iya faɗa wa kowa ba yakan ga kansa a jarumin da ya lulluɓe so da faɗa, kuma marubuci yana da ikon ƙirƙirar masarautar da abin da ya raba su gadon sarauta ne, ba jinsinsu ba. Da yawa daga masu karanta su 'yan mata ne, waɗanda ke son ganin masoya biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya, babu mai jiran a cece shi. Tun wajen 2020 TikTok ya ƙara yaɗa irin waɗannan littattafai.

Hajiya, Talata Mafara:
'Yata, kin kyauta da kika tambaya. Kin san inda muke: Zamfara ta fara aiki da Shari'a a 2000, kuma a 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi ɗaya, saboda haka kalma ɗaya daga bakin malama tana iya jawo wa yaro tsangwamar da ba zai fita daga cikinta ba. Ni uwa ce, kuma ba zan zaɓa wa 'ya'yana waɗannan littattafai ba, amma ina roƙonki kada ki kira sunan kowa a gaban aji ko ki yanke wa yarinya hukunci saboda abin da ta karanta. Ki zauna da su ki tambaye su wane wuri ne a labarin ya hana su barci, sannan ki ba su aikin rubuta nasu labarin gabar da Hausa, da aljanunmu da sarakunanmu.