Bogenbiliyata ta ƙi fure, sai ganye

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min. Shekara 3 ke nan da na dasa fulawar nan mai ƙaya, bogenbiliya. Reshe ne na yanko a gidan marigayiya Innarmu kafin magada su sayar da gidan, shi ya sa nake ji da ita. A can ba mai ba ta ko ɗigon ruwa, amma da rani jajur take rufe katanga. Ni kuwa safe da yamma ina shayar da ita, na zuba kashin kaji, har takin yuriya na roƙo wajen ƙanin maigida. Ganye kore shar, fure ko ɗaya. Jiya ƙayarta ta yage wa maigida babbar riga, ya ce adda zai sa mata. Ga bikin 'yata da bazara, a gaban fulawar na so a ɗauki hotuna.

Mai Lambu: Hajiya, gata ya yi mata yawa. Yuriya da kashin kaji ganye suke sawa. Ki daina, ruwan ma sai kin ga ganyen ya fara yaushi. A sabon toho take fure, don haka ki sa almakashi ki datse kawunan dogayen rassan nan, kamar tsawon taƙi ɗaya. Kuma jan abin da kike nema ganye ne mai launi, furen gaske shi ne ɗan farin nan na tsakiya. Awa nawa take samun rana?

Maman Yara: Kar ki taɓa ta da almakashi! Ni maigadinmu ya yi wa tawa ƙwalƙwal ba da izinina ba, damina biyu ina kallon kututture. Har yau bai ce min yi haƙuri ba, kuma maigida ya goya masa baya.

Mai Lambu: Wancan sara ne, ni aski na ce.

Uwar Biyu: Malam, a zafin Kanon nan in hana ta ruwa? Alhaki fa. Kuma kashin kajin ai ya rayar min da zogale.

Baba Tsoho: 'Yata, toka za ki zuba mata. Ni maƙwabcina tasa ce ta tsallako tana zubo min shara a tsakar gida, na yi magana ya ce ado ne.

Mai Lambu: Zogale don ganye ake shuka shi, Hajiya. Ta Inna ai ƙishirwa ce ta sa ta fure. Ba ki amsa min batun rana ba. In ba ta samun awa 6 a ƙalla, duk aikin banza ne.

Uwar Biyu: Akwai dai darbejiya a gefenta, amma maigida a nan yake shimfiɗa tabarma, ba mai taɓa ta. Ba wani taki da zan ƙara mata?